Yatsa Biyu a Bakin Gulbi

Matso kusa, ɗan'uwa, ka gyara zama, don wanga labari ba na ɗaga murya ba ne. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan surukina. Tun da na dawo daga Kwanni ban yi saƙar kirki ba, kowa ya leƙo rumfa sai ya ce yaya mota, yaya ƙasar Faransa, da gaske ne burodinsu ya kai sanda tsawo. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zuba shi a takarda da ɗan ajamin da na tsinta kafin a cire ni daga makaranta a zaunar da ni gindin masaƙa. In ka ga baƙi ya karkace, ka gyara da kanka.

Ka san ni, ni ba mutumin tafiya ba ne. Haihuwar cikin birnin Sakkwato, ban taɓa kwana bayan ganuwa ba, ko kasuwar Kware sai dai in ji labari. To ana nan, farkon damina, sai ga wani Buzu ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gidan surukina da saƙo. Ummaru, wan maiɗakina, wanda ke saye wa wani attajirin birnin nan fatu a Kwanni, ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a cinya. An ɗora masa a can, ɗorin ya karkace, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. In ba a kawo shi gun maɗorin birni da wuri ba, ko ƙafar ko shi, ɗaya zai tafi. Kuma ba ya ɗaukuwa bisa jaki ko amalanke.

Sai ka san abu biyu kafin mu hau hanya. Na farko, Ummaru ɗan fari ne. Surukina, wanda zan ce wa Baba don sunansa ba ya fita bakina, bai taɓa kiran sunan ɗan nan ba, bai taɓa ɗaukarsa ba ko yana jinjiri. In dole ta kama sai ya ce “wancan”. Da Buzu ya gama bayani, abin da Baba ya tambaya shi ne ko raƙumin ya ji ciwo. Na biyu, ni kuma tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban ci abinci gabansa ba, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa daga tsugune.

Attajirin ya ce motarsa za ta kai goro Kwanni ta ɗauko fatu, a bi ta a taho da majinyaci. Maiɗakina ta dube ni, na dubi masaƙata, na san ba ni da mafita. Da safe na iso bakin mota sai na tarar da Baba ya riga ni, ya hakimce a gaba kusa da direba. Wai kanwa zai je saye. Kanwa cike da kasuwar birni.

Direban sunansa Salau, Bayaraben Ilori, gajere mai faɗin kafaɗa, a Kano ya koyi tuƙi. Yana ganin zanen fuskar Baba ya gane Bagobiri ne, shi ke nan ya sami abokin wasa. Ya ce yau ga bawansa ya shigo mota ba da izini ba, Baba ya ce tun yaushe bawa ke tambayar ubangidansa izini. Abin da ni ba zan iya ko tunaninsa ba, shi Salau yana faɗa wa Baba yana dariya. Karen motarsa kuwa kurkunu ya kwantar da shi, sai Salau ya miƙo mini wani guntun icce mai kai kamar gatari, ya ce sunansa waji. In ya yi kira, in diro in cusa shi bayan taya. Ka ji yadda masaƙi ya zama karen mota.

Gulbin bayan birni bai kawo ba ran nan, ruwa iya ƙwauri, muka shimfiɗa zana bisa rairayi muka tura muka haye. Bayan Kware ne hanya ta nuna mana halinta. Rairayi kamar gari, mota ta nutse, Salau ya yi ta wasa da ƙafar hagu, mu muna turi. Ni dai kunnena Allah ya ba ni, ko zare ɗaya ya tsinke cikin saƙa da jin ƙarar ƙoshiya nake ganewa. Sai na ji kukan injin ya canza. Yana ƙara tsawa, mota kuwa ba ta ƙara sauri, ga wani wari kamar ana babbakar ƙafar saniya. Na so in yi magana, Baba na nan, na haɗiye.

A Gwadabawa muka kwana, zauren wani mai saukar da fatake. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu yana ninƙaya a kai, akushi ɗaya, mu uku. Na ce na ƙoshi. Rabona da abinci tun kunun asuba. Salau ya dube ni, ya dubi Baba, ya gane. Can ya ce in zo in riƙe masa wani abu a mota kafin rana ta faɗi, muna zagayawa bayanta ya zaro ƙunshin tuwo daga aljihun riga. Ya ce ku Hausawa kunya za ta kashe ku wata rana, a garinsu suruki da suruki har rawa suke yi tare. Na ce Allah ya tsare mu da wannan.

Da na lashe hannu na gaya masa abin da na ji a rairayi. Ya ce ashe kai ma ka ji. Ya buɗe ƙofa ya nuna mini matakai uku a ƙasa. Na hagun shi ne kuloci, shi ke haɗa ƙarfin inji da tayoyi. In ka taka sun rabu, in ka saki sun haɗu, kuma duk sirrin yana ga wurin da suke haɗuwa. In sai ƙafa ta dawo can sama yake kamawa, to sulɓewa zai yi, inji na ihu mota na tafiyar jakin da ya ƙoshi, abin da ya same mu ke nan. In kuma tun ƙafa na ƙasa yake cafkewa, giya ba ta shiga sai da gurnani, mota ta riƙa zabura kamar kwaɗo. Ya ce daidai ɗinsa shi ne matakin ya yi lako-lako na faɗin yatsa biyu daga sama, sannan ya yi tauri. Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin mota mai noti biyu, ɗaya na ƙarawa da ragewa, ɗaya na ɗaurewa.

Na ce ai wannan igiyar matakin masaƙa ce. In ta yi tsawo zare ba ya buɗewa, in ta gajarta ba ya rufewa. Ya ce oho, duk yadda ka kira shi. Ya nuna da hannunsa yadda ya kamata ya kasance, ya ce in saurara. Akwai wata waya mai murɗi da ke jan matakin, tana ɗan kuka siriri muddin yana lako-lako, da ya taɓo tauri sai ka ji ƙas. Kuka gajere, sai ƙas. Namu ran nan ba kukan ma, tauri ne tun daga sama. Ya ce ba zai taɓa shi ba sai Kwanni, don rairayin gaba zai ƙara cinsa, gyara biyu ɓata lokaci ne.

Washegari muka wuce Illela muka iso iyaka. Ni na zaci ganuwa zan gani ko kogi. Wani icce ne kawai aka gitta bisa hanya, da rumfar zana, da sojoji baƙar fata masu jar hula da gajeren wando. Suka sauke mu, suka soki buhunan goro da tsinke, suka sa muka buɗe baki wai suna duban cuta. Ɗaya ya ɗaga wajina yana juyawa, sai da Salau ya rantse ba makami ba ne. Da muka wuce sai na ga Salau ya koma hannun dama na hanya. Na ce lafiya? Ya ce nan haka ake bi. Turawa biyu, hanya ɗaya, sun kasa shiryawa a kan gefen da za a bi.

Mutanen Kwanni Hausarsu tamu ce, furarsu ma ta fi tamu kauri, ga cukun Buzaye da na ɗauka fatar takalmi ce sai da na tauna. Burodin kuwa gaskiya ne, na gan shi a hammatar wani kuku, ya kai kamu. Amma ba su da sakin jiki irin namu. Kowa ya zo wucewa gaban gidan Kumandan sai ya sauka daga jaki ya cire hula, ko ba kowa a ƙofar. Na ga dattawa sa'o'in Baba suna ɗaukar dutse a ka ana gyaran hanya, soja na bayansu da bulala. Daga nan na daina kalle-kalle.

Muka sami Ummaru a ɗakin baƙi na wani dillalin fata. Ɗan'uwa, ban gane shi ba. Mutumin da ke ɗaga buhun gero da hannu ɗaya ya koma kamar kara, cinyar kuwa ta yi biyun 'yar'uwarta, tana sheƙi. Ya gan ni ya yi murmushi ya ce ashe ganuwa na sakin mutane. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, yana tambayar mai gida yadda geron bana ya tsira. Amma na ga carbinsa, neman tsinkewa yake don matsa.

Da gari ya waye aka loda fatu, muka gyara wa Ummaru makwanci a kansu. Ina ciki ina ɗaure masa ƙafa da kara da tsumma, ashe Salau ya shiga ƙarƙashin mota ya sa Baba ya danna masa mataki. Yadda yake yi, sai ya saki notin da yawa tukuna, sannan ya riƙa ɗaurewa kaɗan kaɗan har mai dannawa ya ce ya kai yatsa biyu. Baba ido ya yi rauni, hankalinsa kuma na ɗakin da ake jin nishi. Tun ba a je ko'ina ba ya ce ya yi. Salau ya fito ya hau ya taka, na ga ya ɓata fuska, zai sake sauka ke nan sai ga soja da bulala, wai Kumandan zai fito, a kawar da mota yanzu. Ga hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Giya ta yi gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, mota ta zabura. Ina riƙe da ƙafar Ummaru na ji ƙashin ya motsa cikin hannuna. Ƙarar da ya yi, ban taɓa jin namiji ya yi irinta ba. A iyaka da aka ɗaga icce ta sake zabura, ya sake yi, daga nan bai ƙara ba, sai ido ya juye. Ruwa ya kece. Salau ya leƙo ya ce ba zai tsaya ba, ƙasa ta jiƙe, in ya tsaya tashin ne zai kashe mana mutum, gara ya bar ta giya ɗaya har bakin gulbi. Muka rufe Ummaru da fata, ni na kwanta rabin jikina bisa ƙafar don kar ta yi tsalle. Gwadabawa ta wuce, Kware ta wuce, ban ga ko ɗaya ba. Yana ta sambatu, yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Katako ne kawai tsakaninmu da mazaunin gaba, na san Baba na ji.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita, muka iso gulbi. Wurin da muka taka da ƙafa ya zama ja wur, yana tafe da itatuwa. Ga birni can tsallake, har ina hango hayaƙin gidaje. Masu fito sun ɗaure manyan jirage biyu sun shimfiɗa katako a kai, tsawonsa da kaɗan ya fi motar. Sarkin fito ya nuna wata sanda da ya kafa a bakin ruwa mai tsaga a jiki, ya ce in ruwa ya rufe tsagar nan ya ɗaure jiragensa, ko Sarkin Musulmi ne sai ya jira gulbi ya sauka, kuma ba ya sauka yau ko gobe. Saura kaɗan a rufe ta.

Salau ya dubi katakon ya girgiza kai. Ya ce hawa wannan sai da rarrafe, yadda kuloci yake yanzu in ya saki ƙafa za ta zabura ta wuce ta can gaba, mu da mota sai cikin ruwa. Ya tuɓe riga ya ɗauki sifana ya kwanta cikin taɓo. Ya ce zama ɗaya zai yi, ba lokacin fitowa a duba a koma.

“Bagobiri, yatsa biyu. Wanga karon ka auna da kyau, ba goro kake rabo ba.”

Baba ya ce ya ji. Ni ina baya, hannuna biyu na kan cinyar Ummaru, in na saki ta karkace. Inji a kashe, ba abin da ake ji sai gulbi da ƙarar sifana. Baba ya danna, na ji wayar nan ta ja kuka dogo, dogo, sannan ƙas. Salau ya ɗaure kaɗan. Baba ya danna, kukan ya ragu amma har yanzu ya kai tafin hannu. Sarkin fito ya yi gyaran murya. Ummaru ya yi wani nishi mai ja da baya.

“Ya yi hakanan,” in ji Baba. “Ɗaure mu tahi.”

Na ji sifana ta bar notin farko ta koma na ɗaurewa, ƙararsu ba ɗaya ba ce. Shekarun da na yi ina tsuguna wa mutumin nan, ko atishawa ban yi gabansa ba. In na yi magana, na ƙaryata surukina gaban baƙo da masu fito. Kuma ba nan ta tsaya ba, in zan je gaba dole wani ya karɓi ƙafar, masu fito na riƙe da igiya, ba kowa sai shi. Na dubi fuskar Ummaru, na dubi ruwan nan.

“Baba, ku gafarce ni. Bai yi ba.”

Sifana ta tsaya. Na ƙara da cewa:

“Da saura da yawa, da kunne na ji. Ku taho ku riƙe shi, ni in danna.”

Sai na ji ƙofa ta buɗe, takalmi cikin taɓo. Baba ya kama gefen mota ya hau, da tsufansa, ba wanda ya taimake shi don ba wanda ya iya. Bai dube ni ba, ni ma ƙasa nake kallo. Na ga hannuwansa sun sauka kusa da nawa bisa cinyar. Na zame nawa na diro.

Na durƙusa a mazaunin direba na sa hannu bisa mataki, na jera yatsa biyu a gefensa. Na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce ƙara. Kukan na gajarta. Sau ɗaya ya zarce har tauri ya zo tun daga sama, na ce koma baya kaɗan, ya zage ni da Yarbanci ya koma. Sai na ji shi, kuka gajere, ƙas, daidai inda yatsana na biyu ya ƙare. Na sake dannawa don kar zumuɗi ya ruɗe ni. Na ce ɗaure. Salau ya fito kamar wanda aka tono, ya hau da taɓonsa ya taka sau biyu, ya nuna mini in wana inji.

Giya ta shiga shiru. Ina tafe a gefe rungume da waji, ina kallon ƙafarsa ta ƙofa tana ɗagowa a hankali. Wajen tsakiya muryar inji ta yi ƙasa, mota ta motsa kamar hawainiya. Tayoyin gaba suka hau katako, jirage suka nutsa suka ɗago, na baya suka hau. Ya taka, ta tsaya, tsakaninta da ƙarshen katako bai fi taki ɗaya ba. Na cusa waji. Da na waiwaya, ruwa ya taɓa tsagar sanda.

A tsakiyar gulbi, inji a kashe, masu fito na fama da gora, ina tsugune jikin taya. Abin da zan faɗa maka yanzu ban faɗa wa 'yan rumfa ba, kuma na rubuta ne don na san idon Baba ya daina karatu. Ta tsakanin katako na ji murya ƙasa ƙasa.

“Ummaru. Ummaru, ga gida can. Ka daure mini.”

Salau na bisa sitiyari, inji ya daɗe da cinye masa kunne, bai ji ba. Masu fito na waƙarsu. Ni kaɗai ne, kuma Baba ya san irin kunnen da ke gare ni, don yanzun nan na gaya masa.

Muka hau gangaren tsallake ba zabura ko ɗaya, kafin magariba muna ƙofar maɗori. Sai da ya sake karya ƙashin ya ɗora sabo, ya ce da an ƙara kwana da ba maɗori za a nema ba, sai masu haƙa kabari. Yau Ummaru na dogara sanda yana zuwa rumfata ya dame ni da surutu, ƙafar ta ɗan gajarta amma tasa ce. Baba ya koma cewa “wancan”. Kanwar ma bai sayo ba.

Ni da shi kuwa, ina tsugunawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, kamar da. Sai dai ran Juma'ar da ta wuce aka shigo mini da akushi daga gidansa, tuwon gero da miyar kuka da man shanu a kai, irin wanda na ce na ƙoshi da shi a Gwadabawa. Ba saƙo, ba komai. Maiɗakina ta ce in sami dattijo ya raka ni da goro in ba da haƙurin maganar da na yi a bakin gulbi, haka aka saba. Ni kuma ina ganin in na tayar da zancen bakin gulbi, na tuna masa da na tsakiyar gulbi. To kai da ka ji duka, in kai ne, za ka ɗauki goron ka je, ko za ka cinye tuwonka ka mayar da akushi ka yi shiru?